Ƙafa ta karye, amma me ya karya ta?

Ƙashin cinya idan ya karye, lambarsa a kundin likitocin duniya S72 ce, ko a Damagaram ya karye ko a Alƙahira. To a ɗauka an kwantar da mutum uku a asibiti ɗaya da wannan karaya. Ɗaya ɗan kabu-kabu ne da mota ta kwashe a mararraba. Ɗaya yaro ne da ya hau gawo da rani yana sassabo wa awaki ganye, reshe ya ɓalle da shi. Ta ukun tsohuwa ce da katangar laka ta rufto wa cikin ruwan Agusta. Wurin likitan ƙashi duk aiki ɗaya ne: a ɗauki hoto, a gyara ƙashi, a yi jinya. Amma wurin wanda ke neman hanyar da ba za a kawo na huɗu gobe ba, babu abin da ya haɗa su. Na farko maganar titi ce da gudu. Na biyu maganar ƙarancin abincin dabbobi ce da aikin da muke ɗora wa yara. Ta uku maganar gini ce da hanyar ruwa. In abin da ya saura a rajista shi ne "karaya" kawai, an yi wa mutum uku magani an sallame su, garin kuwa bai ƙaru da sanin komai ba.

Shi ya sa kundin ya tanadar wa kowane rauni lamba biyu. Kundin da nake nufi shi ne na rarrabe cututtuka na duniya, wanda ma'aikatan lafiyarmu suka sani da CIM, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suke ce masa ICD. Tushensa jerin dalilan mutuwa ne da wani masanin ƙididdiga Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya tsara aka amince da shi a 1893. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi riƙonsa, aka faɗaɗa shi ya haɗa har da cutar da ba ta kai ga kisa ba. Bugu na 10, wanda har yanzu shi ya fi yawo a hannun ma'aikata, an amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. A cikinsa babi na 19, daga S00 zuwa T98, shi ke faɗin abin da ya sami jiki: karaya, yanka, ƙuna, dafi, guba, da gaɓar da abin ya taɓa. Babi na 20, daga V01 zuwa Y98, ba ruwansa da jiki. Abin da yake tambaya shi ne yaya aka yi: me ya buge shi, yana kan me, da gangan ne ko tsautsayi. Lambar farko ta mai jinya ce da likitansa. Ta biyu ta sauran mutanen gari ce da ba su ji ciwo ba tukuna, kuma ita ce muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Bari mu kwance lamba ɗaya mu ga abin da ke cikinta. Ɗauki V23.4. Harafin V ya ce hatsarin sufuri ne. Lamba 2 ta ce wanda ya ji ciwon yana kan babur. Lamba 3 ta ce abin da suka yi karo da shi ƙaramar mota ce ko a-kori-kura. Lamba 4 da ke bayan ɗigo ta ce shi ne ke tuƙi, kuma a kan hanyar jama'a abin ya faru. Da a ce matar da ya goyo ce ta ji ciwon, sai a rubuta V23.5. In tirela ce ko bas ta ɗebe su, V24. In akuya ce ta gitta masa ko mai tafiya a ƙasa, V20. In amalanke ya tarar a duhu kan hanyar Mirya, babu fitila babu abin da ke ƙyalli a bayanta, V26. In kuwa ba wanda ya taɓa shi, yashi ne ya kwashe tayar gaba ya zube, V28. Ƙa'idar tsarin ita ce a bi wanda ya ji ciwo, ba abin da ya ji masa ba: yarinyar da babur ya buge tana tsallaka titi da farantin talla ba ta cikin sahun masu babur, tana V02, sahun masu tafiya a ƙasa. Masu keke suna da gidansu daga V10 zuwa V19. Adaidaita sahu ma tana da nata daga V30 zuwa V39, domin an ware wa mota mai ƙafa uku wuri tun kafin ta cika titunanmu. Wanda ya faɗo daga jaki ko doki ko raƙumi, da wanda ke cikin amalanke, suna V80.

Duk wannan bambancin, a teburin karɓar marasa lafiya haruffa uku ke haɗiye shi: AVP, wato hatsarin kan hanya a taƙaicen Faransanci. Duk wanda ya taɓa leƙa rajistar sashen gaggawa a ƙasar nan ya san su. Ba ƙarya aka rubuta ba, amma kamar ɗan kasuwar hatsi ne ya rubuta a littafinsa "kaya sun fita", bai ce gero ba ne ko wake, bai ce buhu nawa ba. Mai sa lamba da ya tarar da AVP tsirara ba shi da inda zai kai ta sai V89.2 ko V99, lambobin da aka ajiye wa hatsarin da ba a fayyace ba. Haka "faɗuwa" ke ƙarewa a W19, haka raunin da ba a ce komai a kansa ba ke ƙarewa a X59. Masana ƙididdigar lafiya da yawan irin waɗannan lambobi suke auna ingancin bayanan ƙasa: in suka yi yawa, an san an yi rubutu ne ba a yi tambaya ba.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta raunuka na kashe mutum kusan miliyan 4.4 a shekara, wajen kashi 8 cikin 100 na duk mace-macen duniya. Rahotonta na 2023 ya ce hatsarin hanya kaɗai na cin rai miliyan 1.19, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki asara idan aka kwatanta da yawan jama'a. Damagaram kuwa gari ne na mahaɗa. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi nan take ratsawa zuwa Gure da Diffa, wadda ta gangaro daga Agadas ta Tanut ma nan take bi ta nufi Magarya da bakin iyaka, ga tankokin mai da ke zirga-zirga tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011. A kan kwalta ɗaya za ka ga tirela da adaidaita da amalanken shanu da ɗan makaranta a ƙasa. Mai gari da ke da ɗan kuɗi kaɗan a hannu, ina zai fara zubawa? In masu tafiya a ƙasa ne suka fi yawa, kuma a kewayen kasuwar Dole da bakin makarantu, to tudun rage gudu ake bukata da wurin tsallakawa. In lambobin V20 zuwa V29 ne ke zuwa tare da S06, raunin cikin kai, to maganar hular kwano ce. In V26 ke ƙaruwa da dare, ɗan ƙyalle mai ƙyalli a bayan amalanke zai yi aikin da babban taro ba zai yi ba. AVP dubu ba za ta nuna masa ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba.

Bayan lambar yadda abin ya faru, akwai ƴan ƙananan lambobi biyu da ake haɗawa da ita, kuma a ganina sun fi girmansu amfani. Ɗaya ta wuri ce: 0 gida, 2 makaranta ko ma'aikatar hukuma, 4 titi, 5 wurin ciniki, 6 masana'anta ko wurin gini, 7 gona. Mun ga abin da sanin wuri ke yi a ƙasar nan, ko da yake da tsada muka gani. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara aƙalla 25. Ba a tsaya kan cewa yara sun ƙone ba, an san inda suka ƙone da abin da ya kama, shi ya sa gwamnati ta iya hana zaunar da ƴan ajin reno a rumfar zana. Wannan gobara ce da ta faru a lokaci guda, kowa ya ji. Wadda ke cin yaro ɗaya yau a Zango, ɗaya jibi a Birni, ɗaya wata mai zuwa a Matamai, ba mai haɗa ta wuri ɗaya in ba rajista ba.

Ɗayar kuma ta aiki ce, wato abin da mutum yake yi sa'ad da abin ya same shi: 0 wasan motsa jiki, 2 aikin neman kuɗi, 3 aikin da ba a biya kamar na gida, 4 barci ko cin abinci ko hutawa. Asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, CNSS, yana da lissafin hatsarin wurin aiki, amma na ma'aikatan da aka yi wa rajista ne. Mai fasa dutse da tsakuwa ta tsiyaye wa ido, magini da ya faɗo daga tsani, mai haƙar rijiya da ƙasa ta rufta masa, yaron makanike, mai injin niƙa da bel ya cinye wa yatsu, babu ɗayansu a wancan littafi. Lamba 2 ɗin nan ita ce kaɗai inda za a ga cewa neman abinci ne ya nakasa su. Lamba 3 kuma nan matan da ke ɗebo ruwa da itace da girki za su bayyana, waɗanda raunukansu ko sunan hatsarin aiki ba a ba su.

Samun waɗannan bayanai ba ya cin lokaci yadda ake zato. An shigo da yaro mai rarrafe, fatar ƙirji ta saluɓe. Likita ya duba, ya auna faɗin ƙunar, ya ga ta kai tsakanin kashi 10 zuwa 19 na jiki, T31.1 ke nan. Yana wanke ciwon yana magana da uwar.

"Inna, me ya ƙona shi?"

"Wuta ce, likita."

"Wutar murhu ya faɗa, ko ruwan zafi ne?"

"A'a, man suya ne. Ina tuyar ƙosai a tsakar gida, na juya in ɗauko ƙullu, ya jawo kaskon."

Tambaya biyu, an sami X10, ƙunar abinci ko mai mai zafi, a gida. Da ruwan wanka ne da aka ɗora, X12. Da zane ne ya kama wuta wajen jin ɗumi da hunturu, wata lambar ce daban. Da kwalbar man ruwa-ruwa ce da aka ajiye a ɗaki ta kama, X04. Da kuwa yaron ya ɗauki wannan kwalbar ne ya kurɓa yana zaton ruwa, an bar sahun ƙuna gaba ɗaya an koma T52.0 tare da X46. A garin da ake sayar da fetur a kwalba a bakin kowane titi, kuma da yawa ake kwana da shi a gida, sanin yara nawa X04 da X46 ke kawowa a shekara ba aikin ƙawa ba ne. Haka saran maciji, X20, da harbin kunama, X22. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma maganin dafi yana da tsada, yana da ranar lalacewa. Wanda bai san a wane wata da wace gunduma kububuwa ta fi sara ba, zai ajiye maganin inda zai lalace, a rasa shi inda ake mutuwa.

Wurin da aikin ya fi nauyi shi ne niyya. Babi na 20 ba ya yarda a sa lamba sai an zaɓi ƙofa: tsautsayi ne, ko mutum ne ya cutar da kansa, ko wani ne ya cutar da shi, ko an bincika an kasa rarrabewa. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya abin da yake yi wa jiki ɗaya ne, T60. Amma in yaro ya sha bisa kuskure X48 ne, in mutum ya sha da nufin halaka kansa X68, in ba shi aka yi X87, in an kasa tantancewa Y18. Wani zai ce me ya yi zafi, tunda wankin ciki ɗaya za a yi. Siri Lanka ta amsa wannan. Bayanan asibitoci da na mace-mace suka nuna mata irin magungunan gona da suka fi kisa, ta bi su tana haramtawa ɗaya bayan ɗaya, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Da duk an rubuta "ya sha guba" an rufe littafi, da ba a san wace kwalba za a janye daga kasuwa ba.

Sai dai a nan ne mutane ke da dalilin ɓoyewa, kuma ba na ganin wautarsu. Iyalin da ɗansu ya yi yunƙurin halaka kansa suna tsoron bakin duniya. Matar da miji ya doka, ga shi tsaye a kanta shi zai biya kuɗin magani, me za ta ce in ba "santsi ne ya kwashe ni" ba? Ɗan kabu-kabun da ba shi da takardun babur ya san kalmar hatsari na iya jawo ƴan sanda. Samarin da suka sassari juna sun san in aka rubuta CBV, duka da rauni na ganganci, akwai takardar likita mai ƙidaya kwanakin da mutum ba zai iya aiki ba, kuma da ita ake zuwa gaban alƙali, alhali manya sun fi son a yi sulhu a zauren mai unguwa. Mai sa lamba ba shi da izinin yin hasashe. Abin da likita ya rubuta shi zai bi, kuma raunin da aka yi shiru a kansa galibi cikin tsautsayi yake faɗawa. Ta haka dukan cikin gida, wanda kundin ya tanadar wa lambobi har da masu nuna ko miji ne ko mahaifi, yake rikiɗewa ya zama faɗuwa. Ƙarin kwamfuta ba zai gyara wannan ba. Abin da zai rage shi, a tambayi mace ita kaɗai bayan an ce wa ɗan rakiya ya ɗan jira a waje, a kuma tabbatar wa jama'a, a aikace ba da baki ba, cewa takardar ƙididdiga ba ta ɗauke da suna kuma ba ita ce takardar kotu ba. Ranar da mutane suka ga abin da suka gaya wa likita ya riga su isa caji ofis, daga ranar kowa faɗuwa zai yi.

Ga mamaci ƙa'idar juyawa take yi. Mai rai, raunin ne babban abin da ake rubutawa, dalilin ya biyo baya. Wanda ya rasu kuwa, abin da ake ƙidayawa shi ne tushen da ya tayar da sarƙar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace cewa in rauni ne ya yi kisa, tushen shi ne yanayin hatsarin ko ta'adin da ya jawo raunin. Mutum ya yi karo da mota a kan babur, kai ya bugu, ya kwanta bai san inda yake ba, ciwon huhu ya shige shi, ya cika. A takardar shaidar rasuwa layin sama ciwon huhu, na ƙasa da shi raunin cikin kai, na ƙarshe karo da mota yana tuƙa babur. Wannan na ƙarshen shi ke shiga lissafin ƙasa. Likitan da ya rubuta "zuciya da numfashi sun tsaya" ya faɗi yadda kowane ɗan Adam ke mutuwa ne, bai faɗi abin da ya kashe wannan ba. Nan ma ake samun giɓi tsakanin lissafin jandarma da gaskiyar asara: ma'aunin duniya yana ƙidaya duk wanda ya rasu cikin kwana 30 da hatsarin, mai tsaron hanya kuwa wanda ya gani kwance a wurin ya fi sani. Wanda ya cika bayan mako biyu a gadon asibiti, ko a gida bayan dangi sun gaji da kashe kuɗi sun ɗauke shi, sai an haɗa littattafan biyu ake ganinsa.

Akwai kuma waɗanda ba su taka ƙofar asibiti ba sam. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka mutuwa ɗaya cikin goma kaɗai ake yi wa rajista. Mu kuwa ba ma jinkirta jana'iza, kuma haka addini ya koyar. Yaron da ya nutse a tabki da damina, daga bakin ruwa sai gida, daga gida sai makwanci. Kundin ya bambanta wanda ya shiga ruwan da kansa yana wanka, W69, da wanda ya zame ya faɗa, W70, domin na farko koyar da iyo da sa ido yake bukata, na biyu shinge. Amma lambar ba ta da amfani in ba wanda ya rubuta. Don irin wannan aka ƙirƙiro binciken baka, inda ma'aikaci ke zuwa bayan an share makoki ya yi wa iyali tambayoyi tsararru, daga amsoshin a fitar da dalili. Abin da ke ba ni ƙwarin guiwa shi ne mun riga mun iya wannan rarrabewa in muka ga dama. A daminar 2024, wadda ta ci rai sama da 300 a ƙasar, ta kuma rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, kowa ya ji irin sanarwar da hukumar kare fararen hula ta saba bayarwa: mutum kaza ruwa ya ci, mutum kaza gini ya faɗa musu. Aikin babi na 20 ke nan, ba tare da an kira shi da sunansa ba.

To me ya hana a yi haka kullum? Ba ragwancin ma'aikata ba ne. Bayani yana tashi daga rajistar ƙaramar cibiyar lafiya, wato CSI, ko ta asibiti, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya tattara shi a rahoto, a shigar da shi DHIS2, manhajar da jami'ar Oslo ta ƙera wadda ƙasashen Afirka da yawa ke aiki da ita, daga nan ya isa ma'aikatar lafiya a Yamai. Rahoton layuka ne da aka riga aka buga. Abin da ba shi da layi ba ya wucewa, ko da likita ya rubuta shi dalla-dalla a katin mara lafiya. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa da allurar rigakafi suna da layuka masu yawa domin akwai shirye-shiryen da ke tambaya, akwai masu ba da kuɗi da ke jiran amsa. Rauni ba shi da uban gida. A Amurka sa lamba sana'a ce mai zaman kanta, saboda asibiti ba ya karɓar kuɗin inshora sai da ita, kuma nasu bugun da suka fara aiki da shi a Oktoban 2015 yana da lambobi wajen 70,000. (Ɗalibin da ke bincike a intanet ya kula, galibi nasu yake fara cin karo da shi, kuma ba daidai yake da na Hukumar Lafiya ta Duniya ba.) Mu a nan mai jinya a kan aikin da aka yi masa yake biya, lamba ba ta ƙara wa kowa dala ba ta rage. Ma'aikacin da ke gadin dare a watan Satumba, layin yara masu zazzaɓi har waje, in ya rubuta AVP ya wuce ba zan ga baƙinsa ba.

Kundin kansa ma bai san mu sosai ba, kuma gara a faɗa. Waɗanda suka tsara shi abin da ke cika asibitocinsu suka fi fayyacewa. Zamewa a kan ƙanƙara tana da lambarta ita kaɗai, W00. Faɗawa rijiya kuwa, wadda babu ƙauyen da ba shi da labarinta, an cusa ta cikin W17 tare da faɗawa rami da faɗowa daga tarin ciyawa. Tunkuyin sa da harbin jaki da cizon raƙumi duk W55 ne. Lambar babur ba ta cewa na haya ne ko na gida, ba ta kuma cewa da hular kwano ko babu, alhali su ne tambayoyi biyu da suka fi damun mu. Bugu na 11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, ya sassauta wannan. Dalilan rauni sun koma babi na 23, kuma an ba da damar jera ƙarin lambobi a bayan babbar lamba: abin da ya yi raunin, wuri, aiki, dangantakar wanda ya yi duka da wanda aka doka. Kyauta ne a intanet, akwai shi da Faransanci, mutum na rubuta kalma yana nuna masa lamba. Ci gaba ne na gaske. Amma mai neman bayani goma daga katin da aka rubuta haruffa uku a kai, ko da wane bugu ya zo hannu wofi zai koma.

Shi ya sa nake ganin ba sai mun jira sabon bugu ko sabuwar na'ura ba. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka fitar da jagorar sa ido kan raunuka domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, suka ce mafi ƙarancin abin da za a rubuta guda 8 ne: lambar shaidar mai rauni, shekaru, jinsi, irin raunin, niyya, wuri, aikin da yake yi, da yadda abin ya faru. Huɗun farko kowace rajista tana da su tun da can. Huɗu ne suka rage, kuma hatimin roba guda da aka sassaƙa da ƴan akwatunan cankewa zai ɗauke su a bayan kati. A ƙara akwati biyu namu na gida, na haya da na hular kwano. Likita ba sai ya haddace V23.4 ba, ya canke akwati kawai, wani ya mayar da shi lamba a ƙarshen mako. Masu yin wannan suna nan: garin da ke da babban asibitin ƙasa, da makarantar koyon aikin lafiya, da jami'ar André Salifou mai sashen likitanci, ba zai rasa ɗaliban da za su zauna da katunan ba, su da dama suke wahalar tono tsofaffin rajistoci idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo. A fara da sashen gaggawa ɗaya, a yi shekara cur domin a ga damina da kaka da hunturu da bazara, a gwama da littafin ƴan kwana-kwana da na ƴan sanda da na hukumar kiyaye haɗurra ANISER. Sharaɗi guda da in aka tsallake shi abin zai mutu: sakamakon ya dawo hannun waɗanda suka cika takardar, ya isa majalisar gari da shugabannin ƴan kabu-kabu da gidajen rediyo. Ma'aikaci ba ya ɗorewa kan cika akwatin da bai taɓa ganin abin da ya haifar ba.

Kada a manta da maɗora. Karaya da yawa a ƙasar Damagaram gidan mai ɗori take fara zuwa, wata can take ƙarewa, wata sai ta ɓaci ake kawo ta asibiti. Lissafin da ya tsallake su rabin gari ya gani. Maɗori ba ya bukatar kundi, ya fi kowa sanin me ke karya mutanen yankinsa, kuma takarda mai zanen babur da itace da rijiya da jaki, ana jan layi a ƙarƙashin kowanne, ba ta fi ƙarfin yaronsa ba, muddin an je masa da girmamawa ba da tuhuma ba.

Mu ma masu rakiyar mara lafiya akwai namu. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma imani da ƙaddara ba ya hana a faɗi yadda abu ya faru, kamar yadda bai hana mu kai mutumin asibiti ba. In ka kawo wani, ko ba a tambaye ka ba, ka ce: yana bayan babur ne, na haya, ba hula, tirela ce ta goge su a hanyar Tanut bayan magariba, daga kasuwa yake. Ka roƙi a rubuta a katin. In wanda ka kawo mace ce ko yaro kuma likita ya ce ka ɗan ba su wuri, ka fita ba tare da ka ji haushi ba.